'Yar shuɗiyar wutar da ta kusa cinye min dala ɗari

Salamu alaikum mutanen Kaduna, ku matso ku ga abin da ya faɗar min da gaba yau da safe. Na tayar da mota a nan Kalgari ta ƙasar Kanada, sanyi digiri 22 ƙasa da sifili, sai ga wata 'yar wuta shuɗiya a dashbod, hoton ma'aunin zafi tsaye cikin ruwa. Na ce shi ke nan, an gama da ni. Bakanike a garin nan, ɗaga bonet kaɗai dala ɗari ce. Ashe injin ne bai ɗumama ba, in ya yi ɗumi da kanta take ɗaukewa. Ja ce abar tsoro.

Ni fa da na shekara goma ina tuƙi daga Tudun Wada zuwa Mando! Amma ina zan san ta? Tsohuwar Corolla ta allura gare ta, C (sanyi) a ƙasa, H (zafi) a sama. Wani bakanike ma ya cire min tamostat, wai ta ƙasar sanyi ce. Alhali ita ke riƙe injin a wajen digiri 90, inda allura ke zama tsakiya. Kada ku bari a cire muku, mai kawai za ku ƙara sha.

Ranar da na san H kuwa, a cunkoson Kawo ne, watan Afrilu, muna ta hira da yayana, allura ta hau ba mu lura ba sai da hayaƙi ya tashi. Yaya ya sauka ya murɗe murfin lagireto. Wallahi har yau tabon na hannunsa. In allura ta doshi ja, ku kashe AC, ku gangara gefe, ku kashe mota, ku bar ta ta huce. Gasket ta ƙone mana ranar, kuɗin Sallata duka suka tafi.

 

Sai allurar mai. Mu a gida E ai "e, akwai saura" take nufi, in ta mutu ga 'yan bumburutu da galan. A nan wa zai kawo maka? Kuma famfon man cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, yawo a E cinye shi yake yi. Ku kalli ƙaramar kibiyar nan kusa da hoton famfon gidan mai a dashbod, gefen da murfin tanki yake take nunawa. Sai da na zo Kanada na sani, kada ku faɗa wa Yaya.

Yauwa, ga shuɗiyar ta ɗauke. Bari in tafi aiki.