Man fetur daga hayaƙi: zai iso fadamarmu?

Jama'a, duk mai noman rani a fadamar Haɗeja ya san inda kuɗinsa ke zurarewa: tankin injin ban ruwa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, sai manomi ya yi lissafin jarka kafin ya yi na iri.

To, lita ɗaya ta fetur in ta ƙone, tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon, wadda ke ƙara ɗumamar duniya. Shi ne masana suka ce, me zai hana a kamo iskar nan a mayar da ita mai?

Ga yadda ake yi. Ana tare iskar a bakin bututun hayaƙin masana'anta, ko a tace ta daga iskar da muke shaƙa, sai dai a can kimanin kashi 0.04 cikin ɗari ce kawai, shi ya sa tsada. Sannan a sa lantarki ya raba ruwa, a ciro iskar haidurojin da ke cikinsa. In aka haɗa su biyu cikin zafi da matsi, da sinadarin da ke hanzarta aikin, sai methanol, wani ruwan sinadari mai kama wuta, ya fito, daga shi kuma a yi fetur.

Wajen kamo iskar kabon, yawanci sai an jiƙa ta a ruwan sinadari, a dafa shi ta fita, a matse, a yi jigila. Dafawar nan ce ke lashe makamashi. Abin da ake gwadawa yanzu shi ne a sarrafa ta nan inda aka kama ta, a tukunya ɗaya.

Ba tatsuniya ba ce. A Aisilan akwai masana'antar George Olah mai iya fitar da tan 4,000 na methanol a shekara. A kudancin Chile, masana'antar Haru Oni ta fara yin fetur a 2022, da lantarkin da ake samu daga kaɗawar iska.

Amma ku saurara, matsalar lantarki ce. Kaso mai yawa na wutar yana salwanta a hanya, in kuma daga janareta aka samo ta, an yi ba a yi ba. Ni a ganina, manomin Ringim ko Auyo gara ya haɗa famfonsa da sola kai tsaye, ranar Jigawa ta ishe shi.

Inda man nan zai yi rana shi ne inda batir ya gaza: jiragen ruwa masu ɗauke da kaya, da jirgin da ke kwasar alhazai daga filin Malam Aminu Kano zuwa Jidda.