Tsinken Tsire a Cikin Kwamfuta: Lacca Kan Tsarin Sitak

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, barkanmu da yamma.

Kowa a nan ya taɓa tsayawa gaban mai tsire. Ku tuna yadda yake soka nama a tsinke: yanka na farko ya gangara can ƙasa, na biyu ya hau kansa, na uku ya biyo. In an tashi zarewa, wanne ke fara fita? Na ƙarshen shiga. To wannan shi ne abin da masu rubuta manhaja ke kira sitak. Ƙofa ɗaya ce tak, ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Ba kamar layin gidan mai ba, inda wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama.

Abin da za ka iya yi da shi kaɗan ne: ka ɗora abu a sama, ka ɗauke na sama, ko ka leƙa ka ga mene ne a saman ba tare da ka taɓa shi ba. A Python, wani harshen rubuta manhaja, umarnin append ke ɗorawa, umarnin pop ke ɗaukewa. Ko abu goma ne a ciki ko miliyan, lokacin ɗauke na sama bai canzawa, tunda ba sai an yi lalube ba.

Wani zai ce, Malam, wannan takura ta mece ce? Ni a wurina takurar ita ce amfaninsa, kuma a nan nake so mu ɗan jima.

A ce kana wanki, sai Inna ta aike ka kasuwa. Kana hanya, sai maƙwabci ya ce ka miƙa masa saƙo shagon tela. Ka gama da tela, ina za ka nufa? Kasuwa. Ka gama da kasuwa, sai ka dawo kan wankinka. Aikin da ka ajiye daga baya shi ka fara komawa. Haka kwamfuta take yi. Idan wani sashe na manhaja ya kira wani sashe, sai ta ɗora ɗan bayani a kan sitak: ga inda na tsaya, ga lambobin da nake riƙe da su. Na biyun ya kira na uku, ta sake ɗorawa. Da na ukun ya kammala, sai ta ɗauke bayaninsa, ta ga na ƙasa, ta san daidai layin da za ta ci gaba. Ba don wannan ba, da manhaja ta tafi aike ba ta san hanyar gida ba.

Tun 1946 Alan Turing na Ingila ya yi wannan tunani, ya kira ayyukan ɗorawa da ɗaukewa binnewa da tonewa. A Jamus kuma, Friedrich Bauer da Klaus Samelson na birnin Munich sun tsara shi a 1955, suka nemi rajistar mallaka a 1957. Su ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa suka kira shi.

Amma tsinke yana da iyaka. In ka rubuta sashen da ke kiran kansa da kansa, ka manta ba ka sa masa inda zai tsaya ba, bayanai za su yi ta hawa har wuri ya ƙare, manhajar ta tsaya cak. Python ma ba ta bari a kai can. In kira ya kai zurfin kusan 1000, sai ta dakatar da kai ta nuna kuskure. Ɗalibai da yawa sun kawo mini wannan suna cewa kwamfutarsu ta lalace. Lafiyarta ƙalau, birki ne ba su sa ba.

Kullum ma kuna amfani da shi. Ctrl da Z da kuke dannawa don warware kuskuren rubutu, aikin ƙarshe yake fara gogewa, sannan na gabansa.

Aikin gida: ku rubuta ɗan shirin kwamfuta da zai duba lissafi mai baka, wato alamun ( da ), ya faɗa ko kowace baka da aka buɗe an rufe ta. In kun ga buɗewa ku ɗora, in kun ga rufewa ku ɗauke. Ku zo mini da amsar abin da ya kamata ya rage a kan tsinken idan an kai ƙarshen layi.