Tiraka Da Makullin Zamani: Me Suke Iya Yi, Me Ba Sa Iyawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamaina da sauran 'yan uwa da suka bar ayyukansu suka zo, Allah ya saka da alheri. Ba zan ja ku da dogon bayani ba, bari mu shiga magana kai tsaye.

Kun ga wannan ɗan abin da na ɗaga? Na baya ƙila ba za su hango shi ba, bai fi girman murfin kwalba ba, fari ta gaba, ƙarfe ta baya. Sunansa AirTag, kamfanin Apple ne ya fitar da shi a 2021. Bari in buɗe shi ku gani, danna bayan ake yi a murɗa, to ga cikinsa nan, batir ne guda ɗaya irin mai faɗin nan kamar kwabo, CR2032, yana kai kamar shekara ɗaya kafin a canza. Shi kenan. Babu sim a ciki, babu GPS a ciki. Na fara da wannan ne saboda kusan duk wanda ya zo min da tambaya a kan abin nan yana ɗauka tauraron ɗan adam ne ke binsa daga sama, kuma wallahi daga wannan rashin fahimtar ne mutane ke yin asara sau biyu, sun rasa kayansu kuma sun rasa kuɗin da suka sa a na'urar da ba ta dace da matsalarsu ba.

To yaya yake aiki? Kira yake yi a hankali ta Bluetooth, kamar yaron da ya ɓata a cikin taro yana cewa ga ni nan, ga ni nan. Duk wata iPhone da ta wuce kusa da shi sai ta ji kiran, ta duba inda take a lokacin, ta tura wa mai shi a ɓoye ba tare da mai wayar ma ya sani ba, kuma saƙon a kulle yake, mai abin kaɗai ke iya karanta shi. Kenan wayoyin mutane ne idanunsa. Kamfanin Tile sun riga su fara irin wannan, Samsung suna da nasu SmartTag, Google ma sun buɗe nasu tsarin na wayoyin Android a 2024. Amfaninsa babba ne idan makulli ne ya faɗa bayan kujera, ko jaka ta yi ɓatan kai a filin jirgi inda mutane ke kai da komo da wayoyi a hannu. Amma ka kai shi inda babu mai wucewa da waya, sai ya yi ta kira babu mai amsawa, kai kuma abin da za ka gani a taswira shine wurin ƙarshe da aka ji shi, ƙila tun jiya.

Ita kuwa tirakar GPS da ake sawa a mota daban take. GPS ɗin kansa na sojojin Amurka ne, sun harba tauraro na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995, kuma har zuwa watan Mayu na 2000 da gangan suke gurɓata siginal ɗin da farar hula ke samu, sai zamanin Bill Clinton aka cire wannan takunkumin. Taurarin suna can sama kamar kilomita 20,200, kuma abin da nake so ku riƙe shine su ba sa ganin kowa. Lokaci kawai suke ta aikowa da inda suke. Na'urarka ce ke saurare, idan ta kama guda huɗu sai ta yi lissafi ta san inda take. To ta san inda take, amma kai fa? Kai ba ka sani ba sai ta faɗa maka, kuma da sim take faɗa maka, ta netwok irin na waya. Rasha suna da GLONASS, Turai suna da Galileo, Sin suna da BeiDou, duk haka suke aiki.

Shi ya sa nake cewa tiraka tana da ƙafa uku, wuta, sama a buɗe, da sim mai rai. Ɗaya ta karye ta zauna. Akwai wani abokina da aka ɗauke masa mota, ya kira ni muryarsa na rawa yace in zo mu duba, ai akwai tiraka. Muka buɗe manhajar a wayarsa, ga motar nan a taswira a ƙofar gidansa, alama kore, kamar ba abin da ya faru. Sai na duba ƙasan alamar, kwanan watan da ke wurin na wata huɗu baya ne. Kuɗin sim ɗin ya ƙare tun tuni, an turo masa saƙo bai kula ba, shi kuma tunda aka sa masa bai sake buɗewa ba. Har yau ina tuna yadda ya zauna a ƙasa ya riƙe wayar da hannu biyu yana ta jan allon ƙasa ko za ta sabunta. Ba ta sabunta ba. Don Allah duk mai tiraka a nan, yau ɗin nan kafin ka kwanta ka buɗe ka duba kwanan watan, kar ka tsaya ga alamar kawai.

Sannan ɓarayin ma suna karatu. Akwai ƙaramar na'urar toshe siginal da suke jonawa a mota, ta cika wurin da hayaniya har tirakar ta kasa jin tauraro, domin siginal ɗin da ya taso daga wannan nisa kafin ya iso ƙasa ya yi rauni sosai. Doka ta hana amfani da ita a ƙasashe da yawa amma ana samunta. Wasu kuma ba sa wahalar da kansu, sai su ajiye motar a wani wuri kwana biyu su koma gefe su gani ko wani zai biyo sawu. Wasu kontena suke sa ta, ƙarfe ya rufe ta ruf. Saboda haka masu sa tiraka na ƙwarai suke ɓoye ta a inda hannu ba ya saurin kaiwa, da ɗan batir nata na kanta, yadda ko an cire batirin mota za ta aiko da saƙo cewa an yanke mata wuta. Wannan saƙon shi ne mafi daraja a duk abin da take aikowa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Bin sawu aiki ne na bayan an riga an yi ɓarna. A nawa ganin, fasahar da ta fi rage sata ita ce wadda ke sa abin da aka sata ya zama ba shi da amfani a hannun ɓarawo, domin ɓarawo ɗan kasuwa ne, abin da ba zai sayu ba ba ya son ɗaukarsa.

Ku duba waya. A 2013 Apple suka kawo Activation Lock, wato ko an goge wayar tas ba za ta buɗe ba sai da asusun mai ita. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2014 cewa wayoyin da za a sayar a can dole su zo da irin wannan makulli, Android ma suka kawo nasu a 2015. Sai ɓarayi suka canza salo, suka koma leƙen lambar sirri, mutum yana tsaye yana danna lambobinsa wani na bayansa yana haddacewa, sannan a fizge wayar, da wannan lambar kaɗai a canza komai har a shiga asusun banki. Shi ya sa a farkon 2024 Apple suka ƙara Stolen Device Protection, idan wayar ba ta wurin da ta saba kamar gida ko wurin aiki, ba za a canza manyan abubuwa ba sai da fuska ko yatsa, wasu ma sai an jira awa ɗaya an sake gwadawa. Google su ma suka kawo wanda idan waya ta ji an fizge ta an ruga da gudu sai ta kulle kanta. Irin waɗannan suna cikin yawancin wayoyin da ke aljihunku, kyauta, amma da yawansu sai kai ka shiga ka kunna. Mutum nawa ne a nan suka kunna? Ku ɗaga hannu. Kun gani ko, ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Kuma kowa ya ciro wayarsa yanzu ya danna *#06#. Lambar da ta fito mai lamba 15 ita ce IMEI, kamar lambar shasi ce ga mota. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye a gida, kar ka ajiye ta a cikin wayar da za a sace tare da ita. Da ita ake kai rahoto, da ita kamfanonin layi ke iya toshe waya a inda ake aiki da wannan tsarin.

Mota ma haka. Akwai ɗan guntun abu a cikin kan makulli da ke gaisawa da kwamfutar mota, idan ba su gane juna ba inji ba zai tashi ba ko an haɗa wayoyin wutar motar. Jamus da Ingila sun wajabta shi a sababbin motoci tun 1998. A Amurka ba a wajabta ba, sai ga shi an sayar da motocin Kia da Hyundai masu yawa babu shi, matasa suka gano, suka dinga yaɗa bidiyon yadda ake tada su a TikTok, satar waɗannan motocin ta yi tashin gwauron zabi a garuruwa da dama har kamfanonin suka koma gyara manhaja suna raba makullin sitiyari. Abu ɗan ƙarami da ba a ganinsa, rashinsa ya jawo wannan duka.

Masu motar da ake tadawa da dannawa kuma, ku saurara da kyau. Makullinka yana rataye kusa da ƙofa, kana barci. Mutum biyu suka zo, ɗaya ya tsaya jikin ƙofarka da na'ura ta kamo siginal ɗin makullin, ta miƙa wa na biyu da ke jikin mota, mota ta ɗauka kai ne ka zo, ta buɗe, ta tashi. Ba a fasa gilashi ba, ba a yi ƙara ba. Maganinsa mai sauƙi ne, ga shi na zo da shi, wannan 'yar jakar mai rufin ƙarfe a ciki, ko gwangwani mai murfi da ke rufuwa sosai. Ka sa makullin a ciki ka je jikin motar ka ja ƙofa, idan ta ƙi buɗewa to ya yi, idan ta buɗe ka nemi wani.

Na kantuna ba zan daɗe a kai ba. Robar nan mai tauri da ake maƙalawa a tufafi, da ginshiƙai biyu a bakin ƙofa masu ƙara, ginshiƙan ne ke watsa siginal, abin da ke jikin kaya ya amsa idan ba a cire shi ko an kashe shi a wurin biyan kuɗi ba. RFID kuma, wato ɗan tambarin da ake liƙa wa kaya ana karanta shi ta siginal, ya ɗara wannan, shi kowane kaya da lambarsa, ba ya buƙatar batir, daga na'urar da ke karanta shi yake samun wuta. Mai shago zai iya ƙirga kayan ɗaki guda cikin mintuna ya san me ya ragu, kuma sau da yawa a nan ake gane cewa ba duk ɓatan kaya ba ne daga waje yake zuwa.

Akwai amana a cikin wannan abu, kuma dole in faɗa. Na'urar da ke bin jaka ita ce dai ke bin mutum. An samu waɗanda suka jefa AirTag a jakar mace ko suka maƙala a ƙarƙashin motar wani don su san duk inda ya sa ƙafa, abin ya yi yawa har Apple da Google suka haɗu a 2024 suka yi tsari ɗaya, yadda ko iPhone gare ka ko Android za ta sanar da kai idan wata baƙuwar tiraka tana tafiya tare da kai. Idan kun ga irin wannan saƙon kar ku share, musamman 'yan uwa mata. Kuma wannan kariyar tana nufin ɓarawon da ya ɗauki jakarka shi ma wayarsa za ta iya gaya masa, shi ya sa su kansu Apple suke cewa don abin da ya ɓata suka yi AirTag, ba don abin da aka sata ba.

A nan wani dattijo ya ɗaga hannu yace, Malam, to idan na ga kayana a taswira ƙiri-ƙiri, ga gidan, ga layin, me zai hana in je in karɓo abina?

Baba, Allah ya ƙara girma, ina roƙonka kar ka je. An rasa rayuka ta wannan hanyar, mutum ya bi waya ko mota ya tarar da waɗanda suka fi shi shiri. Kuma ɗigon da kake gani a taswira yana iya kaucewa da mitoci da yawa, balle a gidan bene mai ɗakuna, ba ya nuna hawa na nawa ne, sai ka je ka tuhumi wanda bai ji ba bai gani ba. Abin da za ka yi, ka ɗauki hoton allon da lokaci da kwanan wata a jiki, duk sanda ya motsa ka sake ɗauka, ka haɗa da rasit da IMEI ko lambar shasi ka kai wa 'yan sanda. Idan waya ce ka sa ta a yanayin ɓata, ka kira banki da kamfanin layi su rufe, kuma ko an turo maka saƙo cewa an tsinci wayarka ka danna nan ka sa kalmar sirri, kar ka danna, kar kuma ka cire ta daga asusunka, don wannan cirewar ita suke jira su samu su sayar. Akwai wata tambayar? Hajiya, bismillah, a miƙa mata abin magana.