Yaushe Yaro Zai Taka? Daga Murmushin Farko Zuwa Tatata

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da wannan lokaci.

"Har yanzu bai fara tafiya ba?" Duk uwar da ɗanta ya cika shekara yana rarrafe ta sha wannan tambaya. A gidan suna a yi miki ita, a layin awo a yi miki, uwar miji ma ta yi, sannan a ɗora da cewa ai ɗan wance wata tara ya miƙe. Ki koma gida kina duba ƙafafun yaro kina lissafin watanni. Ni ma uwa ce, kuma nawa yaran kowa da nasa lokacin: babbar ta taka kafin shekara, ƙaninta kuwa ya daɗe yana jan gindi, hankalinsa kwance.

To wai yaushe ne lokacin?

An auna abin. Tsakanin 1997 da 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi wani babban bincike kan girman yara. A wani ɓangarensa an bi yara 816 masu ƙoshin lafiya a ƙasashe biyar, wato Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ana rubuta lokacin da kowanne ya fara zama, da rarrafe, da tsayuwa, da tafiya. Sakamakon ya fito a 2006. Zama ba tare da jingina ba: daga kusan wata 4 har zuwa wata 9. Rarrafe: daga wata 5 zuwa 13 da rabi. Tafiya ba tare da an riƙe shi ba: daga wata 8 har zuwa 17 da rabi.

Ku sake sauraron na ƙarshen. Tsakanin mai saurin ƙafa da mai nawa akwai tazarar fiye da wata tara, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Ɗan wance bai fi naki lafiya ba, kuma saurin tafiya ba ya nufin zai fi shi ƙwaƙwalwa a makaranta.

Binciken ya nuna yaran Ghana sun ɗan riga sauran iya zama, na Norway kuma sun ɗan yi baya. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wadda ta san yadda muke reno a wannan yanki. Tun yaro na ƙarami muke dasa shi a kwali ko a robar wanka, mu tare shi da zannuwa. Goyo ma aiki ne a wurinsa, yana koyon riƙe wuya da baya.

Rarrafe kuwa ba dole ba ne. Kusan 4 cikin 100 na waɗannan yara ba su taɓa rarrafe da hannu da gwiwa ba, wasu jan ciki suka yi, wasu jan gindi, daga nan sai miƙewa. A 2022 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta cire rarrafe gaba ɗaya daga jerin alamomin da take ba iyaye.

Kafin duk wannan akwai murmushi. Wanda jinjiri ke yi cikin barci a kwanakin farko ba da ke yake ba. Na gaskiyar, wanda zai kalli fuskarki ya mayar miki, yana zuwa ne wajen sati 6 zuwa 8, wato daidai an gama arba'in ko an ɗan wuce. Daga nan gwaranci. Wajen wata 6 zuwa 9 za ki fara jin "ba-ba-ba", maigida ya shiga murna wai an kira sunansa. Ƙyale shi ya ji daɗinsa. Kalma mai ma'ana sai wajen shekara, haɗa kalma biyu kamar "ba ni" ko "Mama zo" sai wajen shekara biyu. Kuma gidan da ake Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Zabarmanci, harshe biyu ba ya hana yaro magana. Ita ma ƙiwar da yake farawa wajen wata 8, ya ƙi zuwa hannun baƙo, ba lalacewa ba ce. Ya gane nasa ne.

Wani abu kan keken koyon tafiya. Na katako mai ƙafa uku da kafinta ke yi, wanda yaro ke turawa, da sauƙi in ana kula da shi. Amma na roba da ake zaunar da yaro a ciki yana yawo, ba ya sa shi saurin tafiya, sai dai ya kai shi bakin murhu ko matakala kafin ki ankara. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004.

Yanzu ga inda na fi so mu tsaya: haƙori.

Yawanci biyun gaba na ƙasa ke fara fitowa wajen wata 6, wani yaron sai ya kusa shekara, kuma kafin shekara uku guda 20 sun cika. Fitowarsu na kawo dalalar miyau, da ƙaiƙayin dasashi, da rigima, wani lokaci jiki ya ɗan yi ɗumi. Iyakarsa ke nan. Haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai zafi, ba ya kawo zawo na kwana da kwanaki, ba ya kawo amai.

Na san kakanni za su ce, "Yarinya, mu da muka haifi goma za ki gaya wa?" Abin da suka gani gaskiya ne, Hajiya, fassarar ce ta kauce. A daidai watannin da haƙori ke fitowa ne garkuwar da yaro ya samo daga jikin uwa take raguwa. A lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa. A lokacin ne yake rarrafe a tsakar gida, duk abin da ya tsinta sai baki, takalmi ne ko kashin kaji. Cuta ta shiga, haƙori ya fito, sai a ɗora wa haƙori laifi. Uwar da ta kasa barci saboda ɗanta bai taka a wata 12 ba, ita ce za ta zauna kwana uku da yaro mai zawo tana cewa haƙori ne. A ganina mun juya damuwar.

Zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, a je a gwada jini, domin maleriya ba ta jira. Zawo ya fara, a haɗa ruwan gishiri da sukari na ORS, a ba da maganin zinc, a ci gaba da ba da nono. In ido ya faɗa, ko maɗiga ta lotsa, ko ya ƙi kama nono, wannan na asibiti ne a ranar. A kuma yi hattara da "maganin haƙori" na kanti. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba ya gurɓata, ya lalata ƙodar yara a Najeriya, aƙalla 84 suka rasu. Tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, ko wankakken yatsanki kina murza dasashin, sun wadatar.

Jinkiri ma yana da iyaka, kada a fake da "gadon gidansu ne". A kai yaro a duba shi idan ya wuce wata 9 bai iya zama ba, ko ya cika wata 18 bai taka ba, ko ya kai shekara ɗaya da rabi babu kalma ko ɗaya, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, musamman wanda ya yi shawara mai tsanani yana jinjiri ko ya taɓa yin sanƙarau, don duka biyun kan taɓa ji. Wanda kuma ya iya abu sannan ya daina, ya bar magana ko ya kasa zaman da yake yi a da, wannan ba a jira da shi ko wata nawa gare shi.

Ga masu bakwaini: a shekara biyun farko ana cire watannin da ya rage bai cika a ciki ba kafin a yi lissafi. In da saura wata biyu aka haife shi kuma yau watansa 8, ki auna shi da ɗan wata 6. Ranar rigakafin ƙyanda na wata 9, ki tafi da katinsa, ki faɗa wa ma'aikaciyar abin da ya iya da wanda bai iya ba tukuna.