Gudun Babur a Filin Tsere Ranar da Ake Ruwa

Assalamu alaikum. Jama'a, sannunku da zuwa. Maganarmu ta yau a kan ranar da masu filin tsere suke buɗe ƙofa ga kowa da kowa ce, mutum ya biya kuɗi ya shiga da babur ɗinsa ya gwada gudu, ba gasa, ba kofi. A Ingila, a filaye irin su Donington Park da Brands Hatch da Cadwell Park, akan raba mahaya gida uku: sababbin shiga, matsakaita, da gwanaye. Kowane rukuni yakan samu kamar minti 20 a cikin awa, sau shida ko bakwai a yini. A can ruwan sama ba shi da lokaci, kuma galibi ba a mayar wa mutum kuɗinsa don an wayi gari da hadari. Wanda zai yi wannan harka, dole ya koyi jiƙaƙƙiyar kwalta.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, taya tana kama ƙasa ko da ruwa, sai dai kamun ya ragu, kuma ba ya jure garaje ko kaɗan.

Mu fara da taya. Idan wadda ke kan babur ɗinka mai sumul ce, irin ta rani da ba ta da zane, kada ka fita. Ba ta da hanyar korar ruwa, kuma robarta ba ta aiki sai ta kai wajen digiri 80, zafin da ba za ta samu a ruwa ba. Tayar titi mai kyau, wadda zanenta bai sude ba, za ta kai ka ta dawo da kai idan ka bi a hankali. Amma mai son koyo sosai yakan tanadi wili na biyu, gaba da baya, a ɗaure da tayar ruwa, irin su Pirelli Diablo Rain, Michelin Power Rain ko Bridgestone W01. Robarsu laushi gare ta, kana iya lotsa ta da farce, zanen kuma zurfi ne da shi har gefe. Ka duba kibiyar da ke jikinta kafin ɗaurawa, domin idan aka juya ta baibai, zanen ba zai kori ruwa yadda aka tsara shi ba.

Iska kuma, a nan mutane da yawa suke kuskure. Sun saba rage iska a rani, sai su ɗauka a ruwa ma ragewa za a ƙara yi. A'a, ƙarawa ake yi. Tayar da ba ta da isasshiyar iska tana bajewa, zanen ya tsuke bakinsa, ruwa ya rasa mafita. Ga shi kuma ba za ta yi zafin da zai ɗaga iskar da kansa ba. A tayar ruwa, a ma'aunin iskar taya da ake kira psi, gaba takan tsaya tsakanin 32 zuwa 35, baya wajen 28 zuwa 32, amma kowane kamfani da lissafinsa, ka bi na wanda ya ƙera taka. Bargon ɗumama taya, ka sa shi a ƙasa-ƙasa, digiri 40 zuwa 50, na ɗan lokaci. Idan naka ba a rage masa wuta, gara ka bar shi, kada ka dafa robar tun ba ta taɓa kwalta ba.

Shokozoba ka sassauta ta ta hanyar murɗa maɓallin saitinta da ɗan ƙas biyu ko uku, gaba da baya, don babur ya riƙa gaya maka abin da taya ke ciki. Ka rubuta inda take tun farko. In babur ɗinka na zamani ne, ka mayar da shi tsarin ruwa, ka ɗaga na'urar hana taya zamewa, ka bar ABS, wato na'urar hana taya kullewa in an matsa birki, a kunne. Jar fitila a baya ma ka sa, don na bayanka ya gan ka cikin feshi.

Sai gani. Wallahi mutum yana iya faɗuwa don bai ga gabansa ba, ko da taya ba ta gaza ba. Gilashin hular kwano ya zama fari tas, ba mai duhu ba, da ƙaramin gilashin Pinlock a ciki wanda ke hana numfashi yin hazo. In babu, ka ɗan buɗe shi kaɗan. Rigar ruwa ka sa ta a kan rigar fata, mai kama jiki, kada ta riƙa kaɗawa. Ka zo da safar hannu biyu. Hannun da ya yi sanyi ba ya jin birki, kuma da yatsu za ka yi duk aikin nan.

To, mun hau kwalta. Zagaye biyu na farko na kallo ne: ina ruwa ya kwanta, ina yake ratsa hanya yana gangara, ina aka yi faci da baƙar kwalta mai ƙyalli. Farin fenti na gefen hanya da dakalin kwana mai launi, ka ɗauke su haramun a ranar. Wani abin da ke ba sababbi mamaki, layin da kowa ke bi a rani yakan fi santsi a wasu kwanoni, saboda robar da ta manne a kai ta goge shi. Ka ɗan matsa waje da rabin mita ko mita guda, sau da yawa za ka ji ƙasa ta fi kaushi. Mafi munin lokaci kuma shi ne yayyafin farko bayan an daɗe ba ruwa, kamar dai yadda titi ke zama a garuruwanmu ranar ruwan farkon damina, mai da ƙura sun taso ba su riga sun wanke ba.

Birki, a tsaye ake yin sa. Babur yana miƙe, tayar ruwa tana riƙe birki fiye da yadda kuke zato. Amma sau biyu ake matsa shi a cikin motsi ɗaya: ka fara taɓawa a hankali, ruwan da ke kan faifan ya share, nauyi ya sauka kan tayar gaba ta danna ƙasa, sannan ka ƙara matsi. Wanda ya damƙe shi farat ɗaya, ya nemi kamu a wurin tayar da ba a ɗora mata nauyi ba, sai ta kulle. In a rani a allon gefen hanya mai nuna saura mita 150 a kai kwana kake farawa, yau fara daga 200, ka riƙa matsowa kaɗan-kaɗan. Ka gama birkin kafin ka kwantar da babur. Sauko da giya ma ɗaya bayan ɗaya, ka saki kuloci sannu.

A cikin kwana, jikinka ne zai fita ciki sosai don babur ya rage kwanciya. Gwiwa ta kama tanki, hannu ya saki, ido yana can mafita. Ka shiga da giya ɗaya sama da wadda ka saba, inda kake shiga da ta biyu yau ta uku, don ƙarfin inji ya zo da taushi. Totur ka buɗe shi siriri, ka ɗaga babur tukuna, sannan ka ƙara. In baya ta ɗan zame, ka riƙe totur inda yake ko ka rage ƙiris. Mai rufewa gaba ɗaya don tsoro, taya takan sake cafke ƙasa lokaci guda, babur ya cilla shi sama, kuma irin wannan faɗuwar ce ke karya ƙashin wuya da na kafaɗa.

Ruwan da ya kwanta shi ne ba shi da magani. A watan Agustan 2018 a filin tseren Silverstone da ke Ingila, bayan an sake shimfiɗa kwalta, ruwa ya taru a ƙarshen miƙaƙƙiyar hanyar da ke shiga kwanar Stowe. Gwanayen MotoGP, babbar gasar tseren babur ta duniya, suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, ɗayansu Tito Rabat ya karye a ƙafa da wani babur ya same shi, washegari aka soke tseren ɗungurungum. Taya ta hau kan ruwa, ba birki, ba juyawa. In ba makawa sai ka ratsa, ka ratsa a miƙe, totur a daidai, kada ka taɓa komai.

Da rana ta fito kuma wata matsalar ta zo. Layi ɗaya zai bushe, sauran na jiƙe. Tayar ruwa a busasshiyar kwalta zafi take yi, robar ta fara ɓarewa, cikin minti 20 ka ƙone kuɗinka. A miƙaƙƙiyar hanya ka riƙa fita kana taka jiƙaƙƙen wuri don ta huce. In ka koma tayar rani, wuce wani na nufin barin busasshen layi, to ka jira wuri mai faɗi. Tuta mai ratsin ja da rawaya kuwa, ko yaushe ka gan ta, santsi take nufi a gabanka.

Na'am malam, tambayarka: in kwana ta ƙwace maka fa? Ka miƙe babur, ka yi iyakar birkinka tun kana kan kwalta, ka saki na gaba kafin taya ta taɓa ciyawa, domin jiƙaƙƙiyar ciyawa ba ta riƙe komai. Birkin baya kaɗan-kaɗan, kada ka yi yunƙurin juyawa. In kuma ka faɗi, ka saki babur. Rigar ruwa tana sa mutum ya yi nisa yana zamewa, don haka kada ka tashi sai ka tabbata ka tsaya cak. Sannan ka duba baya, ka tsallaka bayan shinge, ka bar wa ma'aikatan fili ɗaukar babur.