Maganar Ragon Layya da Shagon Ɗan'uwanmu

Ma'aji, yi haƙuri, rahotonka ya ɗan jira. Abin da ya hana ni barci makon nan shi zan fara faɗa.

Jami'an duba abinci sun shiga shagon ɗan'uwanmu mahauci a nan Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, suka tarar da rago biyu a ɗakin sanyinsa, babu suna, babu alama, rataye kusa da naman sayarwa. Ragunan ba nasa ba ne. Namu ne, na mutanen da ke zaune a ɗakin nan. An je gona wajen garin Hamilton da safe, an zaɓa, an biya, an yanka a can, aka loda a bayan mota, aka kawo masa da daddare ana cewa "Malam, taimaka ka daddatsa mana." Kunya ta hana shi cewa a'a. Yanzu rajistarsa ce ke lilo, sana'ar da ya shekara da shekaru yana ginawa, wadda saboda ita muke ɗaga kai idan an tambayi inda Bahaushe ke sayen nama a Auckland.

Na san a gida ba haka abin yake ba. Ka je Wudil ran Juma'a ka ja dabbarka, ka ɗaure a ƙofar gida, yara na ba ta dusa, ran Sallah a yanka, a feɗe, a babbake kai da ƙafa, unguwa ta ɗauki ƙamshin suya har kwana uku. Wallahi ni ma idan Zulhajji ya kama sai ƙirjina ya yi nauyi. Amma nan Niyu Zilan ce, kuma tun 1999 suna da dokar kayan dabbobi wadda MPI, ma'aikatarsu ta noma da lafiyar abinci, ke kula da ita. Dabbar da mutum ya yanka a gidansa ko gonarsa, ba a mayanka ba, ba likitan dabbobi da ya duba ta, don haka naman na mai dabbar ne da iyalinsa da ma'aikatan gonarsa. Ba a sayarwa, ba a musaya da shi, ba a sa shi a abincin da mutane suka biya kuɗi. Wanda ya sa hoton cinya a WhatsApp ɗinmu da farashi a ƙasa, ban kama suna ba, ya goge yau.

Ga kuma inda muka fi faɗawa. Kafin mahauci mai rajistar wannan aiki ya taɓa dabbarka, sai ka kasance kai ke kula da ita kullum har kwana 28. Ku lissafa: wajen 11 ga Zulƙida ke nan idan layya kake nufi. Wa ke da makiyaya a cikinmu? Yawancinmu gidan haya muke, wasu a bene. Zuwa gona ka nuna rago a yanka maka nan take, doka ta hana, kuma manomin ma an hana shi barinka ka yanka a filinsa. Ka jefa kanka, ka jefa manomi, sannan ka ɗauko wutar ka kai shagon ɗan'uwanka.

Shi kuwa nauyin da ke kansa ya fi namu. Mahaucin da ke sayar da nama kuma yake gyara na gida, dole ya raba su, kada su haɗu, ya rubuta sunan mai dabba da adireshinsa da ranar da aka kawo, ya mayar wa kowa nasa. Me zai rubuta a kan ragon da aka saya da safe? Ƙarya kuke so dattijo ya rubuta?

Samarinmu masu bin abokai farauta, naman barewa da akuyar daji ma haka yake, na ci ne, ba na sayarwa ba. Kuma ku duba sanarwar DOC, hukumar kula da dazuzzuka da namun daji, kafin ku shiga daji, domin akwai wuraren da ake zuba gubar 1080 daga jirgi don kashe ɓeraye da makamantansu. Kada wani ya kawo wa 'ya'yanmu abin da bai san inda ya yi kiwo ba.

Sauran rahoto a gurguje: kuɗin zauren nan an biya, ajin Hausa na yara yana nan ran Asabar, mutum tara ba su biya kuɗin wata uku ba, sun san kansu.

Na dawo kan mahaucinmu. Ƙasar nan cike take da mayankar halal masu rajista, har ƙasashen Larabawa suke kai nama, ba mu rasa hanya ba. Bana duk mai son layya ya ba sakatare sunansa kafin ƙarshen Shawwal, mu yi oda tare ta mayanka, ko ya aika kuɗi gida a yanka masa inda mabuƙata suka fi yawa. Waɗanda suka kai ragunan nan biyu, don girman Allah ku tsaya bayan taro, za mu raka shi ya yi bayani, kuma kuɗin lauya daga aljihunmu zai fito. Hajiya, ga faranti nan, fara zagayawa da shi daga layin gaba. Ma'aji, bismillah.