Adunatos: Wanda Majalisar Atina Ta Yarda Ba Ya Iyawa

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, da iyayenmu da na hango can baya, sannunku da zuwa. Na baya kuna jina? Madalla.

Kalma ɗaya tak na zo da ita yau daga tsohon Girkanci: adunatos. Tushenta ɗaya da dunamis, wato iko ko ƙarfi, sai aka maƙala mata "a" a farko don korewa. Ma'anarta marar iko, wanda ba ya iyawa. A wurina "gajiyayye" ya fi kusa da ita a kan "nakasasshe". Ai Girkawa suna da kalmar gurgu, kholos, da ta makaho, tuflos. Waɗannan jiki kawai suke kallo. Ita kuwa adunatos, a bakin hukumar birnin Atina, har aljihu take leƙawa.

Littafin tsarin mulkin Atina da ake jinginawa ga masanin falsafa Aristotal ya kawo dokar. Duk wanda dukiyarsa ba ta kai mina 3 ba (mina babban ma'aunin kuɗinsu ne), kuma jikinsa ya nakasa har ba ya iya wata sana'a, majalisa za ta tantance shi, a riƙa ba shi obol 2, wato ƙananan tsabar kuɗinsu, kullum daga baitulmali. Masu zaman yanke hukunci a kotu ma obol 3 ake ba su. Kun ga ke nan gurgu attajiri bai shiga lissafi ba.

To, ga inda abin yake da daɗi. Bayan shekarar 403 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin obol 1 ake bayarwa, wani ya kai ƙarar wani bawan Allah gaban majalisar mutum 500. Wai lafiyarsa lau, yana da sana'a, har doki yake hawa! Jawabin kare kansa yana nan cikin jawaban Lisiyas, mai rubuta wa mutane jawabin kotu a Atina, na 24.

Mutumin ya ce dawakin aro ne. Da yana da hali, alfadari zai saya da sirdi mai taushi, ya huta. Sannan ya ce mutane da sanda ɗaya suke dogarawa, shi da biyu, me ya hana a ce wannan ma alamar ƙarfi ce? (Dariya.)

Sai ya ɗaure su da jijiyarsu. Ya ce in kun yanke cewa ni lafiyayye ne, to, me zai hana a saka sunana cikin ƙuri'ar da ake fitar da shugabannin birni 9, obol ɗin nan kuma ku miƙa wa wanda ya kawo ƙarata?